Inna da Faifan Malam Bitrus

Na san abin da kuke faɗa idan kun haɗu da sallah. Ba a gabana kuke faɗa ba, amma gidan nan bai kai girman da magana za ta ɓata a cikinsa ba. Kuna cewa ubanku ne mutumin da ya sayi mataccen faifan satalayit, ya ɗaga shi sama ya yi rumfa, rumfar ba ta rufa wata uku ba ya sa aka yanke ta, ya ɗora a mota ya kai ƙauyen da ko wutar lantarki babu. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Dariyar ma ban hana ku ba, da wani ne ya yi da na fi ku ƙyaƙyatawa. Sai dai kun san abin da aka yi, ba ku san dalili ba. Lokacin wasunku suna makarantar kwana, wasu suna wajen aiki. Mutum biyu da suka san zancen tun daga tushe kuwa, ɗaya tana kabari, ɗayar uwarku ce, kun kuma san Hajara da riƙe magana.

Ni ne ɗan farin Inna. Ku da kuka tashi a nan Limawa, cikin Dutse, kuna hawa gadon uwarku kuna yi mata gardama, wannan maganar ba za ta yi muku nauyi ba, don haka bari in ɗan tsaya a kanta. A ƙauyenmu, can bayan Jahun, mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta ma nuna ta lura ya shigo. Kakata ce ta yi rainona. Idan Inna ta ga tuwona zai huce, sai ta dubi bango ta ce a faɗa wa wancan abinci yana jira. Na yi furfura ina amsa sunan wancan. Kada ku ɗauka ƙi ne. Na san duk wata tsoka mai kyau da ta taɓa faɗowa cikin kwanona hannunta ne ya tura ta, amma ko za a yanka ta ba za ta amsa ba. Ni ma haka na tashi, in na zo gaishe ta sai in durƙusa daga bakin ƙofa, idona a ƙasa, in yi gaisuwata in miƙe. Ba mu taɓa jin an rage mana komai ba, don tana jina ina jinta, ko da ta bayan zana ne.

Shekarar da na yi ritaya daga tuƙin motar ma'aikata ita ce shekarar da Baba ya rasu. Inna ta fita takaba ke nan wani zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita a asibiti. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma kunnenta bai tashi tare da ita ba. Sai an kai baki dab da kunnen an ɗaga murya take tsintar magana. Ƙanena Sale yana iya wannan, shi da ma auta ne, ihu a kunnen uwa ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Uwarku ma tana iyawa. Ni ne ba dama. Ta yaya ɗan fari zai matsa jikin uwarsa ya ƙwala mata magana a kunne? Ko ni na cije na yi, ita ba za ta tsaya ba. Sai ya zama in na durƙusa ina gaisuwa, leɓena take kallo ta wutsiyar ido, in ta ga ya daina motsi sai ta ce lafiya lau. Wata rana rasuwar wata ƙawarta na je faɗa mata, ta ce to madalla. Na fita waje na zauna.

Ni na yanke shawarar a dawo da ita Dutse, kusa da likita, kusa da ni. Sale bai so ba, ita kuma ba a tambaye ta ba. Ta zo bayan kaka da ƙullin kayanta da butarta da wata tsohuwar tabarmar kaba da ta ƙi rabuwa da ita. Kun san yadda gidan nan yake a lokacin, siminti daga soro har bayi, babu ko tsiron darbejiya. Matar da ta yi rayuwarta a gindin tsamiya tana tankaɗe tana jin labarin duk ƙauye, ga ta a ɗaki mai fanka, ba ta jin kowa, ba ta da inda za ta zauna a waje. Tana ramewa a kan idona. Abin da nake tsoro shi ne kada wata rana ta ce a mai da ita gida, ta ƙarasa kwanakinta nesa da ni. Na dubi tsakar gidan na ce a raina inuwa ce babu, in na samar mata inuwa za ta zauna.

Maƙwabcinmu na jikin katanga a lokacin Malam Bitrus ne, mutumin Filato, ma'aikacin gwamnati da ya zo Dutse da ƙuruciyarsa ya tsufa a cikinta. A bayan ɗakinsa akwai wani ƙaton faifan satalayit irin na da, ba mai raga ba, rufaffe, wanda in aka kwantar da shi mutum shida za su zauna a ciki su ci tuwo. Da fari ne, rana ta mai da shi ruwan toka. Tun da ƙananan faifai suka fito ya mutu a tsaye, kurciyoyi ne kawai ke morarsa. Ni kuwa ina da tsohuwar soyayya da irin faifan nan. Lokacin da nake tuƙa manya, in na kai oga gida da yamma nakan jingina da mota in ƙura wa nasa ido. Ga shi can ya buɗe baki yana kallon sama ta saitin duwatsun nan namu, shiru, kamar mai jiran a zuba masa wani abu. Sai in yi ta tunanin maganganun mutanen duniya suna yawo a iska a kan dabinan Dutse, Larabci da Turanci da Indiyanci, suna wucewa ta kan kowa babu mai ji, shi kaɗai ya san yadda ake tare su. Sai an aiko an ce direba ya tafi sannan nake farga.

Da na ji Malam Bitrus zai koma gida har ya fara rabuwa da tarkace, sai na same shi a ƙofar gidansa.

"Malam Bitrus, faifan nan fa?"

"Wannan gawar? Masu gwangwan ma sun zo sun ƙwanƙwasa, sun ce ba ƙarfe ba ne, sun yi gaba. Me za ka yi da shi, Malam Haruna? Ko hoton Kano ba zai kawo maka ba."

"Kife shi zan yi a kan ƙarafa, in yi wa tsohuwa rumfa."

Ya fara dariya, sai ya tsaya. Matarsa takan shiga gaishe da Inna, ya san halin da ake ciki.

"In don Mama ne, ɗauka kawai."

Na ce ban yarda ba, saye na zo yi. Muka yi ta ja-in-ja, shi yana kyauta ni ina saye, har matarsa ta fito ta raba gardama ta faɗi abin da za a bayar. Faifan bai shiga ta ƙofa ba. Sai da muka tara maza takwas aka tsallako da shi ta kan katanga, ana a hankali, a hankali, kamar ana sauko da mara lafiya daga mota. Muka tsayar da shi a jikin bangon da ke fuskantar ƙofar soro, muka ɗaure da igiya kafin mai walda ya zo. Mai waldan kuwa ya samu aikin ƙofofi a Kiyawa, yau gobe, yau gobe, har faifan ya yi kusan wata biyu a tsaye.

A cikin wata biyun nan ne Inna ta ɗauko wata sabuwar ɗabi'a. Matar da ban taɓa ganin ta hau kujera ba, ko a asibiti ƙasa take nema, sai ga ta kullum bayan la'asar tana jan farar kujerar roba. Za ta kai ta gaban faifan, kamar taku ɗaya da rabi daga cikinsa, ta gyara, ta ƙara matsawa kaɗan, sannan ta zauna. Ta ba tsakar gida baya, fuskarta cikin faifan. Babu abin kallo a ciki sai tsagewar fenti da kashin kurciya, wani lokaci ƙadangare ya ratsa. Amma haka za ta zauna da carbinta a cinya, kanta a ɗan karkace, har a kira magariba. Lokacin kuwa shi ne lokacin hirata. Kun san ni da surutu, ba sai an faɗa muku ba. Da na dawo daga masallaci sai in baje a soro da abokaina, ni a daidai bakin ƙofar ciki, labule a ɗage don iska, in yi ta ba su labarin hanyoyi, motar da ta mace min a tsakiyar daji, ogan da yake barci da baki buɗe. In na waiga sai in hango ta can, 'yar ƙaramar tsohuwa a gaban ƙaton abu, hasken yamma ya zubo musu su biyun, babu mai motsi. Wani lokaci abin yakan yi min kyau har in manta inda na tsaya. Sai in ga kamar jira take hoto ya fito, hoton ƙauye, ko na Baba yana dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa. Ta fara cin abinci, kumatunta suka ɗan ciko. Wata rana ma na hango kafaɗunta suna rawa, dariya take ita kaɗai, ta rufe baki da mayafi. Na ce a raina shi ke nan, ruɗewar tsufa ta fara.

Bazara ta shigo, wurin kuma rana ba ta barinsa sai dab da faɗuwarta. Inna takan ninka mayafi ta ɗora a ka, gumi yana bin wuyanta, amma ba ta tashi. Ina gani ina cizon yatsa, ina zagin mai walda a zuci. Sai wata 'yar garinmu da ta zo ganin likita ta biyo gaishe ta. Da za ta tafi ta tsaya a soro, a gaban abokaina, ta ce,

"Malam Haruna, duk faɗin gidan nan a rasa inda za a ajiye tsohuwa sai cikin rana?"

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na san kafin Juma'a duk ƙauye ya ji cewa Haruna ya kai uwarsa birni yana shanya ta. Washegari na hau babur har Kiyawa, na tsaya a kan mai walda na ce ƙafarsa ƙafata. Da aka fara sauke ƙarafa a tsakar gida, uwarku ta fito daga ɗakin Inna ta same ni.

"Malam, Inna ta ce a bar shi yadda yake."

"Kunya ce, ba ta son a ce na wahala."

"Ni dai da ka bari ɗin."

"Ke ma? Ki bar ni in fita kunyar mutane."

Kada ku yi saurin ganin baƙina. Tun da na fara ɗaukar albashi ban taɓa kai wa Inna abu ta karɓa da farko ba. Katifa, a mayar. Zane, a ba wata. Fitila, me za a yi da ita. Sai an ajiye an tafi, in ka dawo bayan wata ka tarar tana amfani da shi kamar daga sama ya faɗo. Haka uwa take yi da kayan ɗan fari, haka shi kuma yake koyon kada ya saurari a'arta. Shekara da shekaru ta koya min wannan karatun, na kuwa haddace shi da kyau. Ranar da ta faɗi a'a ta gaskiya, ban da kunnen da zan bambance.

Rumfar ta yi kyau, wannan ko maƙiyi ya shaida. Ƙarafa huɗu, faifan a kife a kansu kamar malafa, inuwa zagayayya ta sauka a kan simintin, sanyi ƙalau. Maƙwabta suka yi ta aiko mata su gani. Na shimfiɗa tabarmar kabar da kaina, na koma soro ina leƙe ina jin kaina wani gwani. Bayan la'asar Inna ta fito. Ba ta kula tabarmar ba, kujerar ta ja. Ta ajiye a tsakiya ta zauna, ta karkata kai. Ta tashi ta matsa gefe. Ta sake tashi ta koma ɗaya gefen. Ta kai kujerar har jikin bangon da faifan ya bari, ta zauna tana fuskantar bulo tsirara, sannan ta dawo. Ni ina ganin duk jin daɗi ne, tana zagaya sabon wuri. Kwana biyu tana wannan yawon da kujera. A na uku ba ta fito ba, ta aiko uwarku ta ce a ce wa wancan an gode, Allah ya yi albarka. Ba a yi kwana goma ba ta sa aka kira Sale a waya ya zo ya tafi da ita. Na raka su tasha, na tsaya a jikin tagar motar har ta cika. Ba ta dube ni ba, ni ma ban san me zan yi da hannuwana ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba, har da fushi.

Damina ta sauka. Na koma ni ne mai zaman rumfar. In ana ruwa nakan zauna a ƙarƙashinta in ji yadda yake kiɗa a bayan faifan, yana gangarowa ta kowane gefe ya kewaye ni kamar labule, duwatsun gari su ɓace su dawo. Hirar soro ma ta fita raina. Nakan lumshe ido in ga Inna a kan kujerar nan tana kallon abin da ba na gani, in yi ta tambayar kaina me na rage mata. Wata safiya da hantsi ina zaune a wurin ina shan koko, Sale ya bugo ya ce Inna ta koma ƙin abinci, ko fura sai an yi da gaske. Na ajiye wayar na faɗi abin da har yau nake istigfari a kansa. Na ce ni na gaji, na kawo ta birni, na yi mata inuwar da babu mai irinta a unguwa, ta tsallake ta tafi, me kuma ake so in yi? Uwarku tana wanke-wanke. Ta ajiye kwanon, ta goge hannu a zane, ta zo ta tsuguna a gabana.

"Malam, yau zan ci amana, Allah ya yafe min."

"Amanar wa?"

"Ta Inna. Ka san abin da take yi a gaban faifan nan? Kai take saurare."

Na ce ni kuma, matar da ko tsawa sai ta yi ƙarfi take ji?

"Wata rana na kai mata ruwa tana zaune a wurin. Da na sunkuya kaina ya zo daidai nata, sai na ji muryarka tar a cikin kunnena, kamar a kafaɗata kake, alhali kana can soro kana ba da labarin tayar da ta fashe muku a hanyar Gumel. Saura kaɗan in yar da kofin. Na ɗago, muryar ta ɓace. Na sake sunkuyawa, ta dawo. Inna ta kama hannuna ta ja ni ɗaki, ta ce kin ji abin da nake ji? Wurin nan tattaro magana yake yi. Ta ce rabonta da muryarka tun kafin asibiti. Ta ce in na faɗa maka ba ta yafe ba, don in ka sani ba za ta iya sake zama a wurin ba."

"Me ya hana ki tsayar da ni?"

"Ta ce a bari. Ni ma na ce ka bari. Sau nawa ake so mu faɗa?"

Na ɗaga kai na dubi cikin faifan. Abin da aka ƙera don ya tara maganar sama ya kai ta wuri guda, ashe bai san bambancin ta sama da ta soro ba. Daidai inda ƙarafansa uku suke haɗuwa a da, inda ake maƙala na'urar kama tashoshi, nan Inna ta lalubo da kanta take sa kunnenta. Ni da na yi shekaru ina mafarkin yadda yake tare maganar duniya, an kawo abin har tsakar gidana ban gane ba. Dariyar da na ɗauka ta ruɗewa, labarina take yi wa. Na ɗauke mata abin da hannuna, na kife shi a sama yana sauraren siminti, na kuma tsaya jiran godiya. Kokon ya huce a hannuna, na yi kuka a gaban uwarku, abin da ban taɓa yi ba.

Ranar na kira mai walda. Ya zo ya zagaya rumfar yana taɓa ƙarafan.

"Baba, aikina ne bai yi ba?"

"Aikinka ya yi, nawa ne bai yi ba. Yanke."

Maƙwabta suka fito kallo, wasu suna tambayar uwarku ko lafiyata ƙalau. Washegari muka ɗora faifan a a-kori-kura, a tsaye, an ɗaure ta ko'ina, ni da uwarku a gaba, farar kujerar a baya. Direban bai iya gudu ba, don iska tana kama faifan tana neman juya motar. Haka muka bi hanyar Kiyawa a hankali, gero kore shar dama da hagu, gajimare suna tafiya tare da mu. Duk garin da muka ratsa mutane suna tsayawa suna binmu da kallo. Mata masu ciyawa a ka suka juyo gaba ɗaya, wani makiyayi ya bar shanunsa ya dafa sanda yana kallonmu har muka sha kwana. Ni kuwa ina jin kamar ba a mota nake ba, kamar wani dogon mafarki ne da ake ɗauke da kaya a cikinsa ba a isa. Abu ɗaya nake ta juyawa, yadda za a yi ta zauna a gabansa ba tare da ta san na sani ba.

Uwarku ce ta warware wannan. Da muka isa ta shiga ɗaki ta gaishe ta, sannan ta ɗaga murya yadda har waje ana ji, ta ce Malam ya gaji da tarkacen nan, ya cika masa gida, ya ce a ajiye a nan ko Sale ya yi shanya da shi. Muka tsayar da faifan a jikin bangon ɗakinta, yana fuskantar tsamiya, muka ɗaure. Uwarku ta ajiye kujerar a kusa kamar an manta da ita. Ko Inna ta gane? Ina jin ta gane, kowa dai ya riƙe nasa. Ta ƙara kusan shekara a duniya bayan wannan, kuma duk mako sau biyu ina kan hanyar Jahun, abin da kuka ɗauka noma ne ya kama ni da tsufa. Amma ranar farko ce nake son in bar muku.

Bayan la'asar na ja Sale gindin tsamiya muka zauna, na ba faifan baya. Ƙasa a jiƙe take, kaji suna tono, hayaƙin girki yana tashi daga gidajen maƙwabta. Ni da ake roƙo in yi shiru, ranar na nemi magana na rasa. Na fara da hanya, yadda muka taso, inda ruwa ya ci kwalta, yadda gero ya yi kyau a wajen Kiyawa. Na gama na sake faɗa. Can sai na ga idon Sale ya wuce ta kan kafaɗata, na kuma ji ƙarar ƙafar kujera tana jan ƙasa, ta tsaya, ta ƙara ja kaɗan. Ban waiga ba. Na gyara murya na shiga ba Sale labarin da ba nasa ba. Na ce ciwon bayana ya yi sauƙi, ina cin abinci sosai, ina barci. Na bi ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku, wane yana aji kaza, wance ta samu aiki, wane har yanzu ba ya jin magana. Na ce wani lokaci mutum yakan yi abu da zuciya ɗaya ya zama ɓarna, ba ya kuma da bakin da zai ba da haƙuri.

"Yaya, wai ni kake faɗa wa duk wannan?"

"Kai nake faɗa wa mana. Yi shiru ka ji."

Na yi ta yi har maƙogwarona ya bushe, na tsaya na ɗauki moɗa zan sha ruwa. A cikin wannan shirun ne na ji wata murya a bayan kunnena, ƙasa-ƙasa, a dishe, kusa kamar mai maganar tana zaune a tabarmata. Ashe yadda faifan yake kai mata tawa, haka yake kawo min tata, ita kuma ba ta sani ba. Da uwarku take magana.

"Hajara, muryarsa ta tsufa. Yaushe ya tsufa haka ban sani ba?"

Na riƙe moɗar ban sha ba. Sale ya buɗe baki zai yi magana, na danne masa gwiwa.

"Je ki ce wa Sale ya tambaye shi wani abu. Kada ya bari ya yi shiru."

Na riga na ji, amma na zauna kamar ban ji ba, idona a kan kajin nan. Na jira uwarku ta taso, na ji takunta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa har ta iso, ta sunkuya ta raɗa wa Sale saƙon. Sale ya yi tari, ya sosa ƙeya, ya rasa abin tambaya.

"Yaya, wai ya hanya?"

Sau biyu na riga na ba shi labarin hanyar. Na goge fuskata da hannun riga, na ajiye moɗar, na faro masa tun daga ƙofar gidanmu a Limawa.